Ɗigon da Bai Tsinke Ba

Auta ta ɗiga ruwan jinin a kan baƙin katin, ta bi shi da ɗigo ɗaya na farin sinadari, ta gauraya su da ɗan tsinken roba, sannan ta shiga juya katin a hankali. Minti biyu ake ba shi. In akwai abin da ake nema a jinin, farin ruwan zai tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta kwana. In babu, zai zauna sumul. Shekararta goma sha ɗaya tana wannan aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibitin, har ta kai ba ta duban agogon bango, hannunta ya san minti biyu.

Ruwan bai tsinke ba. Ta ɗauki biro za ta rubuta "babu", sai idonta ya faɗa kan lambar da ke jikin kwalbar, ta dakata. Ta san lambar nan kamar lambar wayarta. Ta Malama ce, wata tsohuwar shugabar makarantar firamare wadda yatsunta suka karkace gefe guda tun da jimawa. Ciwonta amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓɓan mai ita, kuma gwajin da ake kira RF alamar wannan rikicin yake nema a cikin jini. Likitar gaɓɓai tana wani bincike a kan marasa lafiyarta, shi ya sa duk wata shida take turo jinin Malama. Jinin Malama kuwa ba ya jiran minti biyu, kafin a ƙirga ashirin ya tsinke.

Ta ɗauko sabon kati ta sake. Sumul. Ta sake na uku. Ta kai shi ƙarƙashin fitila, ta karkata shi hagu da dama, ko ƙwaya ɗaya ba ta gani ba.

Kowane kwalin sinadari yana zuwa da wata 'yar kwalba mai jan murfi, suna ce mata kwalbar shaida. Abin da ke cikinta dole ne ya tsinke, don haka kowace safiya da ita ake farawa, a tabbatar sinadarin yana aiki kafin a taɓa jinin kowa. Tasu ta ƙare mako shida da suka wuce. Auta ta rubuta takarda sau biyu tana neman wata, shugaban sashe ya ce a ci gaba haka nan, mutane daga nesa suke zuwa, ba za a mai da su gida saboda kwalba ɗaya ba.

Amma ba wannan ba ne ya fi damunta. Wata safiyar Litinin ta tuna, mako biyar baya, da ta buɗe firji ta tarar an tura kwalbar sinadarin can ciki ta manne da bango, ta daskare kamar dutse. A jikin kwalin an rubuta ƙarara kada a bari ya yi ƙanƙara. Ranar layi ya kai bakin ƙofa, wata mata tana ta faɗa a tagar karɓar jini. Auta ta dunƙule kwalbar a tafinta har ta narke, ta girgiza, ta ga fari ne tas kamar kullum, ta ci gaba da aiki. Ba ta gaya wa kowa ba. Kafin azahar ma ta manta.

Ta jawo rajistar ta fara bin layi da yatsa daga waccan Litinin ɗin. Mutum talatin da huɗu. Dukkansu "babu", da rubutunta, da sa hannunta a gefe. A da cikin mutum goma ba a rasa biyu ko uku masu "akwai". Yadda aka yi ba ta lura ba, ita ma ba ta sani ba. Yatsanta ya tsaya a layi na goma sha tara.

Yayanta ne. Shi ne babba a gidansu, shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu, da gyaran keken ɗinki ya kai ta har ta gama karatu. Wata huɗu ke nan yana kukan hannuwansa. Da safe sai su sandare, ya fi awa ɗaya kafin ya iya riƙe sukundireba, har matarsa ce ke ɓalla masa maɓallin riga. Auta da kanta ta je gida ta ɗebi jininsa, ta kawo ta gwada, ta koma da takarda. A ɗakin Mama, gaban kowa, ta ce babu komai, gajiya ce da shekaru. Ƙanin Yaya da ke bi masa ya ce ai dama lalaci ne ya fara kama tsoho, matar Yaya ta ce daga yau kowa ya ɓalla maɓallinsa, aka yi ta dariya. Shi ma ya yi dariyar. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce tunda likitar gida ta faɗa ai magana ta ƙare. Daga ranar bai sake ɗaga zancen ba.

Dogo ne ya same ta a haka, abokin aikinta da ke kula da injin ƙirgen jini. Ya leƙa katunan uku, ya leƙa lambar, ya gane tun kafin ta yi bayani. Da fari ya so ya mai da abin wasa, ya ce wataƙila Malama ta warke ne, a je a yi mata barka. Da ya ga fuskarta sai ya rage murya, ya tura ƙofa da ƙafa. Ya ce ta zubar da kwalbar a rariya, ta rubuta cewa sinadari ya ƙare, in sabo ya zo a ɗora daga nan. Masu ciwo na gaske za su dawo da ƙafarsu, ciwo ba ya barin mutum ya zauna a gida. Ta ce masa akwai wanda zai zauna. Bai tambaye ta wane ne ba.

Ofishin shugaban sashe yana ƙarshen baranda, ɗaki ne ƙarami da fayil-fayil suka cinye rabinsa. Dattijo ne mai sanyin magana, saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma shi ya koya wa Auta riƙon allura. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba, yana ta juya zoben azurfar da ke yatsansa. Sannan ya ce a dakatar da gwajin daga yau, wannan daidai ne. Na baya kuma a bar shi a baya. Gwajin nan ai ba shi kaɗai likitoci ke dogara da shi ba, ba wanda zai mutu saboda shi, kuma in aka ce za a tono, firji za a tono, da takardunta biyu da ke cikin durowarsa, da sunan sashen gaba ɗaya.

"Yallaɓai, mutum talatin da huɗu ne," in ji ta.

"Na ji. Sa hannun wa ke kan takardunsu?"

"Nawa."

"To ki je ki yi tunani a kan wannan, 'yata. Ba barazana nake miki ba, abin da kwamitin bincike zai fara tambaya nake gaya miki."

Ta fito ta tsaya a baranda da rajistar rungume a ƙirjinta. Hagu hanyar ɗakin gwaji ce, dama kuma ta bi ta gaban ɗakin magani ta kai ga asibitin gaɓɓai. Ta yi tunanin 'ya'yanta biyu, da mijinta da aikinsa ke tafiya yau da gobe babu tabbas, da yadda ake kallon ma'aikacin da ya taɓa zama gaban kwamiti. Wata mai shara ta zo ta ce ta ɗan matsa. Ta matsa, sai ta ga ƙafarta ta yi dama.

Ta fi minti arba'in a kan benci tare da marasa lafiya. Na kusa da ita wani direba ne, ya ɗora hannuwansa a cinya tafin na kallon sama, kamar kayan da aka ba shi ajiya. Sau biyu tana miƙewa za ta tafi, sau biyu tana komawa ta zauna. Da nas ta ga farar rigarta ta tambaye ta ko saƙo ne, ta ce a'a, sai ta ga likita da kanta.

Likitar gajeruwar mace ce mai tabarau da igiya, an san ta da rashin son dogon zance. Auta ta ajiye rajistar a teburinta ta faɗi komai a tsaye, har da ƙanƙarar, har da narkarwar a tafi. Likitar ta buɗe rajistar ta bi sunayen da bakin biro, tana yin ɗan ɗigo a gefen wasu. Da ta kai ƙarshe ta ce bakwai nata ne, kuma ba su ne ke damunta ba, domin ita hannu take dubawa kafin takarda. Sakamakonsu dai ya fita daga bincikenta, aikin wata da watanni ya tafi. Waɗanda ke damunta su ne sauran, waɗanda aka turo daga ƙananan asibitoci, aka ba su takarda mai "babu" da maganin kashe zafi aka sallame su. A wannan ciwo, in ji ta, watannin farko ne ake ceton gaɓa, in ta ci ta karkace ba ta dawowa.

Nan take ta ɗaga waya ta kira wata abokiyar aikinta a wani asibiti ta roƙi aron sabon kwali, da kwalbar shaidarsa. Ta ce a kira kowa da ke jerin ya dawo, kuma ita za ta kai maganar sama da kanta, yau ɗin nan.

"Likita, na goma sha tara yayana ne."

Likitar ta duba layin, ta ga gurbin sunan likita babu komai. "Wa ya turo shi?"

"Ba kowa. Ni na ɗebo jinin daga gida."

"Wa ya duba hannunsa?"

Auta ta ce ba wanda ya duba. Likitar ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta, ta ce a kawo mata shi jibi da safe, kafin hannun ya saki.

Da aka tashi aiki ba ta nufi gida ba, shagon Yaya ta wuce. Shago ne mai faɗin ɗaki ɗaya, kawunan kekuna jere a kan kanta kowanne da takardar mai shi ɗaure a wuya, warin man inji ya kama komai. Ta tsaya daga bakin ƙofa bai gan ta ba. Yana fama da wata 'yar ƙusa ce a cikin keke, ya haɗa tafukansa biyu ya matse sukundireba a tsakani yana murzawa, domin yatsun sun ƙi riƙewa. Ƙusar ta kuɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya tsaya yana kallon inda ta shiga, bai sunkuya ba. Jerin kekunan da ke kanta ya ninka na watan jiya.

Ta shiga ta ɗauko masa ƙusar, ya ce a'a, likitar gida ce da yamma haka, lafiya dai? Ta zauna a kan akwatin kayan aiki ta gaya masa. Tana magana tana kallon hannuwansa, yau ne ta dube su da idon ma'aikaciya: gaɓɓan tsakiyar yatsu sun kumbura sun yi sheƙi, dama da hagu iri ɗaya, wuyan hannun ya cika.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya goge hannu da tsumma a hankali, ya ce, "To. Ni dai na san ba ƙarya nake yi ba." Daga nan ya ce ba zai je ba, aiki ya taru, masu kekuna sun fara kwashe kayansu suna kai wa wani. Kuma in aka sake gwadawa aka sake cewa babu, da wane ido zai dubi mutanen gida? Ta roƙe shi, ta ce wannan karon ba ita za ta gwada ba, kuma likita ce za ta gan shi. Sai da ta ce in bai je ba za ta kawo Mama shagon ta zaunar, sannan ya yi ɗan murmushi ya ce ta daɗe da iya sharri, zai zo.

Washegari ta wuni a kan waya tana kiran mutane. Wasu suka yi godiya, wasu suka zage ta, wani ya tambaya ko cutar mutuwa aka gano masa ake ɓoyewa. Shugaban sashe ya wuce ta sau uku bai dube ta ba. Da la'asar takarda ta zo daga sama cewa kada ta sake taɓa gwaji sai kwamiti ya zauna.

Ranar da aka sa, sabon kwalin ya iso cikin akwatin sanyi. Dogo ne ya zauna a kujerarta, ita tana tsaye a bayansa hannuwanta cikin aljihun riga. Ya fara da kwalbar shaida, ta tsinke. Ya ɗiga na Malama, kafin ya gama juyi na biyar ya yi gudaji, Dogo ya ce yawwa, Malama ta dawo hayyacinta. Ba wanda ya yi dariya. Sannan ya ɗauko na Yaya, wanda aka ɗiba da sassafe.

Wannan karon Auta ta dubi agogo. Rabin minti. Minti ɗaya. Ta sunkuyo har numfashinta na taɓa kafaɗar Dogo. Ita kanta ba ta san abin da take roƙo ba: in ya tsinke, ita ta cinye masa makonnin nan, in bai tsinke ba, to me ke cin hannun yayanta? Minti biyu suka cika, ruwan yana nan fari sumul. Dogo ya tsarma ruwan jinin ya sake, domin wani lokaci yawan abin ne ke hana shi bayyana. Nan ma babu.

Ta ɗauki takardar ta nufi asibitin gaɓɓai. Ta tarar Yaya zaune gaban likita, ya miƙa hannuwa a kan tebur, likitar tana bin gaɓɓan ɗaya bayan ɗaya tana matsawa da yatsu biyu, nas tana rubutawa. Duk inda ta matsa sai ya runtse ido, amma bai yi ƙara ba. Ta sa ya dunƙule hannu, yatsun suka tsaya a rabin hanya. Ta sa ya cire takalmi ta matse ƙafar, ya ja numfashi ta haƙori.

Auta ta miƙa takardar ta ce da sabon sinadari ma babu. Yaya ya ɗago ya dube ta, ya fara janye hannuwansa daga teburin.

"Bar su a nan, Malam," in ji likitar. Ta ɗan leƙa takardar ta ture ta gefe. "Kana da ciwon. Gaɓa goma sha ɗaya na ƙirga a kumbure, dama da hagu, ga sandarewar safe wata huɗu. Wannan ba gajiya ba ce."

Ta yi musu bayani a taƙaice. Cikin mutum goma masu wannan ciwo, biyu ko uku jininsu ba ya nuna RF, balle a farko-farko. Akwai kuma tsofaffi masu ƙoshin lafiya, da masu wani ciwon hanta, da jininsu ke nunawa alhali gaɓɓansu ƙalau. Gwajin mataimaki ne, ba alƙali ba. Za ta tura jininsa wani gwajin na daban, a ɗauki hoton hannuwan, a duba hanta da ƙoda, in komai ya yi daidai ya fara magani cikin makon nan. Sannan ta juyo ga Auta ta ce, ba da faɗa ba, kuskurenta a kan yayanta ba a firji ya faru ba. Ko da sinadarin lafiyarsa lau, takardar nan ba ta isa a ce wa mutum ba shi da komai ba.

Suka fito. A bakin ƙofar ɗakin hoto Yaya ya ce wa Auta abu ɗaya yake so, ta je ɗakin Mama ta faɗa da bakinta, gaban waɗanda suka ji na farko. Ta je ranar Asabar ta faɗa. Ƙanin Yaya ya sunkuyar da kai, matar Yaya ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba, Mama kuwa ta kama hannun ɗanta ta riƙe tana shafawa, ba ta ko dubi Auta ba har ta tafi.

Kwamiti ya zauna bayan mako uku. Aka ba ta takardar gargaɗi, aka mai da ita tagar karɓar jini na wata uku. Aka sauya firjin, aka kafa doka cewa ba gwaji in ba kwalbar shaida. Shugaban sashe ya amsa nasa tambayoyin, ya yi ritayarsa a kan lokaci, amma har ya tafi gaisuwa kawai ke haɗa su. Yaya ya fara magani, sai a wata na uku sandarewar safen ta ragu zuwa minti goma, ya koma riƙe sukundireba da hannu ɗaya, ko da yake yatsu biyu na dama ba su sake dunƙulewa sosai ba.

Cikin talatin da huɗun, ashirin da tara suka dawo, takwas jininsu ya tsinke. Huɗu daga cikin ragowar aka same su daga baya ta hannun 'yan'uwa. Saura mace ɗaya, mai shekara talatin da shida, lambar wayarta ba ta shiga, adireshinta kuma abin da aka rubuta kawai shi ne bayan tashar mota, kusa da injin niƙa. Auta ta yi Asabar biyu tana zagaya unguwar, injin niƙa uku ta samu. A na ukun wata mai jiran niƙa ta nuna mata wata koriyar ƙofar ƙarfe, ta ce matar tana ciki, ta kwana biyu ba ta fita.

Auta ta ƙwanƙwasa. Murya daga ciki ta ce ana zuwa. Ta ji takun ƙafa a hankali, sannan ta ji ana kokawa da sakata, a ja a saki, a ja a saki. Matar ta ce a yi haƙuri, hannun ne, a ɗan tura ƙofar daga waje ko za ta yi sauƙi. Auta ta sa kafaɗa ta tura, sakatar ta zame, ta gaishe ta ta ce daga asibiti take, ta zo ne a kan gwajin da aka yi mata kwanakin baya.